Cefanen 'yan fansho: yini guda a kasuwa tsakanin Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Ɗan fansho a Gusau wata biyu yake duba. Akwai na sama, wanda ake jiran sanarwar Sarkin Musulmi kafin a ce ya tsaya, akwai kuma na cikin waya, wato alat ɗin banki. Da zarar na biyun nan ya tsaya, kafin azahar labari ya game gari. Wannan ya kira wancan, a majalisar ƙofar masallaci ana tambayar juna ko ya shigo, wanda nasa bai shigo ba ya riƙa ciro waya daga aljihu yana mayarwa. Kashegari in ka leƙa Tsohuwar Kasuwa ko ta Tudun Wada, sai ka ga furfura ta fi ta kullum yawa.

Galibin tsofaffin nan su kaɗai suke zuwa, ko da jika mai riƙe musu buhu. Amma jefi-jefi za ka ga miji da mata tare, shi a gaba da 'yar takarda a hannu da biro a aljihun riga, ita a bayansa kaɗan cikin hijabi da jaka a rataye. A ƙasar Hausa ido bai saba da haka ba. Cefane haƙƙin maigida ne, shi ke fita ya sayo ko ya aiki yaro, matar aure kuwa tana ciki, ko sana'a take yi 'yan talla ne ƙafafunta. Tsufa ke buɗe wa mace ƙofar kasuwa, shi ya sa masu sayar da daddawa da kuka da man gyaɗa yawancinsu dattawan mata ne. Sai dai ko tsohuwa ta fita, ba kasafai take jerawa da mijinta ba. Masu jerawar, in ka bincika, yawanci tsofaffin ma'aikata ne su duka biyun, waɗanda suka shekara talatin da ɗoriya suna fita aiki tare da safe har kunyar a gan su tare ta sake su.

Ba wani gida guda nake nufi ba. Duk wanda ya zauna Samaru ko Tudun Wada ko Sabon Gari ya san irinsu, don haka bari mu kira su yadda maƙwabta ke kiransu, Malam da Hajiya. Shi yana cikin samarin da aka kwasa aikin koyarwa lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a Satumban 1976, shekarar da aka kafa tsohuwar Jihar Sakkwato. Ya koyar a ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, ya zama hedimasta, yana bakin aiki ranar 1 ga Oktoban 1996 da Janar Sani Abacha ya yanke Zamfara daga Sakkwato. Dokar aiki a lokacinsa shekara 35 ce a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa, saboda haka a 2011 ya ajiye alli. Ita kuwa ma'aikaciyar lafiya ce, ta karɓi haihuwar yaran da yanzu wasunsu ke da rumfa a kasuwa. Ta bi bayansa da 'yan shekaru.

Takardar cefane

Cefanen tun da dare yake farawa. Bayan isha'i Malam ya ɗauko tabarau da wata tsohuwar ambulan ya juya bayanta, Hajiya na faɗa yana rubutawa. Hatsi ne a sama: dawa ta tuwo, gero na kunu da fura, masara, da 'yar shinkafa saboda Juma'a da baƙi. Sai wake, manja, man gyaɗa, gishiri, magi, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, barkono, kanwa, sabulu da gawayi. Nama yana can ƙasa da alamar tambaya a gabansa. A ƙarshen takardar kuma, inda ya ja layi biyu, maganin hawan jini nasa da na ciwon gwiwa nata. Shi ya san lissafi, ita ta san kaya. Shekarun da yake tafiya shi kaɗai ya sha dawowa da geron da ƙwari suka cinye cikinsa, ya kuma sha gori a kai. Zuwa da kai ya fi saƙo, in ji Hausawa, Malam kuwa ya gano zuwa da uwargida ya fi duka biyun.

Gardamar da ba ta ƙarewa ita ce ta inda za a nufa, a tsaya Gusau ko a fita.

Gusau gari ne da kasuwa ta rena. Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa shi a farkon ƙarni na 19, bayan mayaƙan jihadi sun ci 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai ta ƙasar Katsina, shi ya sa har yau sarkin garin yake Sarkin Katsinan Gusau, na Tsafe kuma 'Yandoton Tsafe. Amma jirgin ƙasa ne ya mai da shi birni. Layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe, ya iso Gusau a 1927, ya dangana da Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka kafa kantuna da sikeli, auduga da gyaɗar ƙasar Zamfara suka riƙa taruwa a nan kafin a yi kudu da su. Yarbawa da Ibo da Kwarori suka zo neman rabonsu. Daga baya aka sami masaƙar Zamtex da injin matsar mai, ga injinan gurzar auduga, ma'aikata na karɓar albashi duk wata suna zubawa a kasuwa.

Tsarar Malam sun ga ƙarshen wannan zamani da idonsu. Masaƙar ta tsaya kamar yadda 'yan'uwanta na Kaduna da Kano suka tsaya, jirgin ma ba wanda ke dogara da shi. Kuɗin da kasuwar Gusau ke da tabbacin zuwansu duk wata yanzu, albashin gwamnati ne da fansho. Shi ya sa 'yan kasuwa suka fi kowa sanin ranar da aka yi biya. Mai tireda da ya ba da bashin sukari da taliya a tsakiyar wata, shi ma alat ɗin Malam yake jira. In biya ya yi jinkiri, har mahauci sai ya rage yanka.

To amma kasuwar birni da tsada. Hatsin da ke Gusau ya biya kuɗin mota, ya biya ɗan dako, ya biya la'adar dillali, ya biya ribar wanda ya ajiye shi a sito. Tsohuwar dabarar ƙaramin ma'aikaci ita ce ya bi hatsi zuwa inda ya fito. Da kaka, in an yi albashi, sai a nufi kasuwannin mako, a sayi buhu biyu ko uku daga hannun manomi a ajiye na shekara. Ta hanyar Funtuwa akwai Tsafe, tafiyar kamar kilomita 50. Ta hanyar Sakkwato akwai Bunguɗu, kamar kilomita 20, a bakin gulbin da ya ratso ta Gusau. Shekara da shekaru fitar nan ita ce shan iskar gidan: a sa tufa mai kyau, a ci tsire, a gaida dangi, a dawo da rake da kaji a but.

Hanyar Tsafe

Yanzu kafin a ce za a je Tsafe sai an yi waya. Hajiya ta kira wata tsohuwar abokiyar aikinta a can ta ji lafiyar hanya, Malam ya tuntuɓi direban da ya sani a tasha. 'Ya'yansu na Kaduna da Abuja ba a faɗa musu sai an dawo, don in sun ji za su hana. Sammako, wanda da shi ne adon matafiyi, an bar shi. Sai hantsi ya dubi ludayi, an ga motoci sun fara fitowa daga ɗaya ɓangaren, sannan a tashi. Dawowa kuma kafin la'asar ta yi sanyi.

Motar Malam tana gida an lulluɓe ta da tampol. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ba ta kai naira 200 ba ta riƙa hawa har ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Motar haya suke bi, irin wadda ake cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Malam ya biya wa Hajiya kuɗin mutum biyu don ta samu gaban ita kaɗai ta miƙe ƙafa, shi ya matsu a baya da samari. Ta ce ɓarnar kuɗi ce, ya yi kamar bai ji ba.

Hanyar kyakkyawa ce, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ana fita ta Damba a wuce Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, sai dutsen Kwatarkwashi ya taso a gabanka, garin na kwance a gindinsa. Nan aka sani da bikin kamun maiki a zamanin da. Kwatarkwashi masarauta ce mai sarkinta, amma a ƙaramar hukumar Bunguɗu take, don haka mai zuwa Tsafe sai ya taka ƙasar Bunguɗu ko bai yi niyya ba. Daga wajen nan hira kan fara mutuwa a cikin mota. Tazame, Magazu, Kucheri, Wanzamai: 'yan Najeriyar da ba su taɓa zuwa Zamfara ba ma sun haddace sunayen da ke kan titin nan daga labaran tare hanya. A Satumban 2023 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida, kusa da jami'ar, suka kwashi ɗalibai mata daga gidajen da suke kwana. Kowa a motar ya san wannan, ba mai ɗauko zancen, sai carbi ke motsi. A wuce shingen sojoji, a wuce na 'yan sanda, a wuce Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024, direba na ɗaga hannu yana taka mai.

Kasuwar da suke nufa ita ma ta sha wuya. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako na jihar, ta hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka, a farkon Satumba kuma aka katse layukan waya. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da mai da masu kai musu rahoto. Ana iya jayayya a kan ko an ci wannan buri, amma kowa ya ga wanda ya fara jin jiki. Manomi ya rasa inda zai kai buhunsa, ɗan dako ya rasa na tuwo, ɗan fansho ya rasa kasuwa mai sauƙi, ya rasa alat, ya rasa muryar 'ya'yansa. Mutane suka riƙa tsallakawa wasu jihohi don kawai su yi waya ko a turo musu kuɗi. An maido wa Gusau layi ranar 1 ga Oktoba, sauran sassa suka ci gaba da jira. A 2023 ma an sake rufe wasu kasuwannin shanu, har da ta Tsafe, saboda cinikin dabbobin sata.

A gaban ma'auni

Da shigarsu kasuwa Malam ya koma ɗan rakiya. Hajiya ba ta tsayawa a rumfar farko. Sai ta zaga layin masu hatsi kaf, tana tambaya tana wucewa, har ta ji bakin kasuwa. Inda ta tsaya kuma ba ruwanta da saman buhu, don kowa ya san mai kyau ake ɗorawa a sama. Hannu take turawa har wuyan hannu ta damƙo na ciki, ta baza a tafi, ta hura. In gari ya tashi, ƙwaro ya riga ta. Ta jefa ƙwaya ɗaya a baki ta tauna: in ta yi ƙaras ta bushe, in ta lotsa da sauran danshi, wanda ya sayi hatsi mai danshi kuwa ruwa ya saya, ya je gida ya yi masa fumfuna. Wake sai ta sansana shi, saboda masu ajiya da ke zuba masa maganin ƙwari fiye da kima. Aikin asibiti ya nuna mata abin da hakan ke yi wa ciki.

Sannan tiya. Ta karɓi kwanon awon ta kife shi, ta shafa gindinsa ta ji ko an doke shi ya shige ciki, ta dubi bakinsa ko an rage. Awon ma ido take sa masa: a cika har ya yi tsororuwa, kada yatsa ya share rabi a kan hanyar zuwa buhu. Malam na gefe yana ƙirgawa da ƙarfi, yana ja wa kowace tiya layi a takarda kamar mai kiran rajista a aji.

Cinikin kuwa wanda kowa ya sani ne.

"Tiya nawa ta?"

Mai hatsi ya faɗa.

"Haba ɗana, ba ɗaya za mu saya ba. Rage muna."

"Albarka, Hajiya. Wallahi ko ni ban samo haka ba."

Ta juya za ta tafi. Malam da tsayuwa ta ishe shi ya matso ya yi ƙasa da murya: "Hajiya, a saya hakanan, rana na yi."

"Malam, bari dai."

Ba ta yi taku uku ba aka kira ta. "Dawo Inna, kawo kuɗi, na sallama." Aka auna, ta ce a yi gyara, aka ƙara mata cikin tafi biyu.

Mai kallo daga nesa zai ce maƙo ne ya yi wa tsohuwa yawa. Ya ɗauki biro ya gani: naira hamsin a kan kowace tiya, in an auna tiya talatin, naira 1,500 ke nan, kuma a gidan da aka sa wa nama alamar tambaya wannan kuɗi ne. Sai dai shi ma mai hatsin da ya ce bai samo haka ba, sau da yawa gaskiya ya faɗa. A jihar da takenta ke alfahari da noma, gonakin da ke nesa da gari da yawa sun koma daji. A wasu ƙauyuka sai an tara wa 'yan bindiga haraji kafin a yi shuka, a sake tarawa kafin a yi girbi. Duk wannan, da tsadar taki da ta mota, a cikin tiyar nan yake. A tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A 2025 hatsi ya sauko, bayan gwamnatin tarayya ta sassauta shigo da abinci daga waje. Mai saye ya ɗan numfasa, manomi kuwa ya koka, don takin da ya zuba bai sauko tare da masararsa ba.

Daga layin hatsi sai sashen tsofaffin mata, inda daddawa ke jere a faifai da kuka da kuɓewa da ƙuli-ƙuli da kwalaben man gyaɗa. A nan Hajiya ba ta matsa ciniki. Ta durƙusa a gaisa, a tambayi gida da jikoki, ta ɓare gefen daddawa ta shinshina. A nan kuma ake jin abin da rediyo bai faɗa ba: ƙauyen da ya tashi cikin makon nan, wanda aka karɓo bayan an sayar da gona, wanda aka yi wa sallar gawa ba gawa. Masu tallan nono ma sun ragu a kasuwanni da yawa. Bafulatana da ƙwaryarta da Bahaushiya da furarta sun fi ƙarni suna zama inuwa ɗaya, rikicin nan ya shiga tsakaninsu, kuma kowanne ɓangare yana da gawar da yake kuka a kanta.

Malam kuwa ya sulale wajen mahauta, wai zai duba farashi kawai. Da wuya tsohon malamin firamare ya ratsa kasuwa a ƙasar da ya koyar wani bai gane shi ba. Sai ka ga ƙato mai gemu ya ajiye wuƙa ya zagayo ya durƙusa: "Malam, ba ka gane ni ba?" Malam ya ƙura masa ido, ya kira sunansa da na mahaifinsa, har ya tuna masa bulalar da ya sha a kan jadawalin bakwai. Naman da aka sa wa alamar tambaya ya shiga leda, da gyaran da ya kusa kai abin da aka saya, da 'yar hanta da aka hana shi biya. Malam zai yi mako yana ba da labarin nan a majalisa.

Wajen biya ne tsufa ke nuna kansa. Malam bai yarda da tiransifa ba, sai ya ga kuɗi a hannu. Ba laifinsa ba ne. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffi irinsa sun wuni a layin banki, kuɗinsu na ciki ba halin taɓawa, har aka kai ana sayen naira da naira. Zamfara na cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Kogi, da suka fara kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli a kan lamarin, kotun kuma ta ba su gaskiya ranar 3 ga Maris. Tun daga lokacin Hajiya ba ta rabuwa da 'yan canji a ƙulle a bakin zane. Sauran kuwa sai a tsaya wajen mai POS a ƙarƙashin lema, ya cire nasa kafin ya miƙo, wato sai tsoho ya biya kafin ya taɓa fanshonsa.

Bayan azahar suka sami inuwa a bayan wata rumfa, aka aro musu benci. Tsire a takarda, hoce, ruwan leda. A gida ba su samun irin wannan zama, ga jikoki, ga baƙi, ga masu sallama. A nan ne za ta tuna masa atamfar da ya saya mata da albashinsa na farko bayan aure, ya ce ba launin ke nan ba, ta ce shi ne. Ni dai ina zaton rabin dalilin tafiyar ke nan, ko da yake in ka tambaye su arahar gero za su ce maka.

Bakunan da suka ƙaru

Kafin la'asar sun kamo hanya, buhuna a but, ba wanda ya saki jiki sai da aka hango Damba. A Gusau aka tsaya kemis. Nan ba tayi, ba albarka, ba gyara. Tun da naira ta faɗi, wasu manyan kamfanonin magani na waje irin su GSK kuma suka sanar da tattara nasu ya nasu a 2023, maganin da tsoho zai sha har ƙarshen ransa ya yi tsadar da ba a zata ba. Abin da Hajiya ta tsira da shi a gaban ma'auni, a nan ya tafi. Wani watan rabin kati ake saya, a riƙa sha ana tsallake rana, ita da ta san illar hakan fiye da kowa.

A tsakar gida aka sauke kaya aka fara kasafi, a nan ne kuma Bunguɗu ke shigowa cikin lissafin. Can ne dangin Hajiya suke, a ƙauyukan da ke bayan garin. Ita ta fi son a riƙa zuwa can, ga kusa, ga kayan lambun fadama da rani. Da can ma ba sai sun je ba, da kaka dangi ke aiko musu da dawa da wake da kaji, abin da ke cike giɓin albashi a gidan kusan kowane ma'aikaci ɗan ƙauye. Yanzu ba saƙon ke zuwa ba, masu saƙon ke zuwa, da 'ya'yansu da ƙunshin tufafinsu. Ɗakin baƙi ya zama na wata ƙanwa da aka kashe wa miji, zaure ya zama na samari biyu da suka bar gona suka koma kabu-kabu. Ba talaka kaɗai abin ya taɓa ba: Sarkin Bunguɗu kansa, Alhaji Hassan Attahiru, an sace shi a hanyar Kaduna zuwa Abuja a Satumban 2021, ya yi kusan wata guda a hannun mutanen daji. Fanshon da aka lissafa don tsofaffi biyu, yau bakuna goma ko fiye ke jiransa, kuma ba a rubuta gidan a cikin kowane sansanin 'yan gudun hijira ba, balle a kawo masa tallafi.

Abin da doka ta ce

Shekarar da Malam ya yi ritaya, mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 18,000 ne, dalar Amurka kuma tana wajen naira 150 zuwa 160. A 2019 albashin ya koma 30,000, ko da yake ma'aikatan Zamfara sai a 2024 suka fara ganinsa, a Yulin 2024 kuma doka ta kai shi 70,000, dala ta haura naira 1,500. Duk fanshon da aka lissafa a 2011 aka bar shi yadda yake, sunansa kawai ya rage. Tsarin mulkin 1999 bai yi shiru a kan wannan ba. Sashe na 210, ƙaramin sashe na 3, ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk bayan shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashi, duk wanda ya riga zuwa. Ƙungiyar 'yan fansho ta ƙasa ta daɗe tana kukan cewa jihohi da yawa sun mai da wannan sashe abin ado.

A faɗi alheri inda aka yi shi. Gwamnatin Dauda Lawal ta ce ta gaji bashin garatuti na sama da naira biliyan 13 da ya taru tun daga 2011, kuma a 2024 ta fara biya rukuni-rukuni bayan tantancewa. Gidaje da yawa sun gyara rufi, an aurar da 'ya'ya, an biya basussuka. Sai dai kuɗin da ya kamata a ba mutum a 2011 aka ba shi bayan shekara 13, ba ya sayen ko kusa da abin da zai saya a lokacinsa, wasu kuma magada ne suka karɓa. Garatuti sau ɗaya ake ba da shi. Abin da ake kai wa kasuwa duk wata fansho ne.

Akwai ƙananan abubuwan da ba sa buƙatar biliyan. Ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu suna karɓar kuɗin rumfa da na shiga kasuwa, ba zai gagare su kafa benci da inuwa da bayi mai tsafta ba, da sa sarakunan kasuwa su riƙa duba ma'auni. Rufe kasuwa kuma, in ya zama dole, a faɗi ranar buɗewa tun ranar rufewa.

Babban aikin yana gaban Majalisar Dokokin Jiha, kuma ta taɓa nuna tana iya sauri. A 2019 wasiƙar tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ta fito fili, yana neman a biya shi naira miliyan 10 na kula da kai da doka ta yanka masa duk wata. Ba a daɗe ba, a watan Nuwamba, majalisar ta soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni da mataimakansu da shugabannin majalisa, wadda aka ce tana cin kusan naira miliyan 700 a shekara, Gwamna Matawalle ya sa hannu nan take. 'Yan majalisar nan su 24 ne, ba kuma wanda bai zauna gaban malamin firamare ba a cikinsu. Su kafa dokar mafi ƙarancin fansho, su ɗaure ta da mafi ƙarancin albashi yadda in ɗaya ya motsa ɗayan zai bi shi, su yi ta da irin saurin da suka yi a Nuwamban 2019.